Babban Allo da Lasisin Windows: Nazari a Kan Kasuwar Kwamfutocin Hannu a Ajame da Tireshbil

Duk wanda ya saba shiga shagunan buga takardu da ɗakunan intanet na Abijan ya san rubutun nan mai dishi-dishi da ke maƙalewa a kusurwar ƙasa ta dama a fuskar kwamfuta: Activer Windows. Galibin mutane suna ɗaukarsa alamar cewa manhajar da ke ciki ta sata ce, kuma sau da yawa gaskiyarsu. Sai dai akwai wani rukuni na kwamfutoci da aka biya kuɗin lasisinsu cif tun ranar da suka fito daga masana'anta, rubutun bai fito musu ba sai bayan da aka kai su wurin mai gyara ya canza wani abu a ciki. Wannan rukunin nake son dubawa, domin a nan ake ganin yadda hanyar da kamfanin Microsoft ya shimfiɗa ta gane kwamfuta take cin karo da yadda kwamfuta ke rayuwa a kasuwanninmu. An gina tsarin ne bisa zaton cewa kowace kwamfuta tana da mai ita guda ɗaya, da rasidi, da asusu a intanet, kuma ranar da babban allonta ya mutu, ta mutu ke nan. Kasuwar Ajame kuwa da akasin wannan zato take cin abinci.

Tireshbil tana kudu da unguwar Filato, a ƙetaren tafkin Ebriye, jikin tashar jiragen ruwan da aka buɗe a 1951 bayan an haƙa mashigin Biridi. Ajame tana arewa, inda manyan tashoshin mota suke. Kwantenonin tsofaffin kaya na Turai, waɗanda mutanen gari ke kira France au revoir, ta tashar suke shigowa, kuma a cikinsu akwai kwamfutocin da bankuna da ma'aikatu da kamfanonin can suka yi amfani da su 'yan shekaru suka sallama: HP EliteBook, Dell Latitude, Lenovo ThinkPad, da ƙananan akwatunan tebur irin su OptiPlex. Masu saye a Tireshbil sun fi zama ofisoshin fitar da kaya daga tasha, da maɗaba'u, da makarantu, mutanen da kan nemi a rubuta musu takarda. A Ajame ciniki na baki ne, kuma abin da ya fi tafiya shi ne kayan gyara. Hausawan Adar da Maraɗi da Damagaram sun daɗe a waɗannan unguwanni biyu cikin harkar albasa da dabbobi da abincin garba, 'ya'yansu da ƙannensu kuma da dama sun koma harkar waya da kwamfuta, wasu da teburinsu, wasu suna dillanci, wasu suna saro kaya su ɗora wa mota zuwa Yamai.

Kwamfutar da ta sauka a tasha ba kasafai take isa hannun mai amfani yadda ta zo ba. Za a ƙara mata ram, a cire tsohon faifan ajiya mai juyawa a sa SSD, a canza batir, in madanninta na Jamusanci ne ko na Ingilishi a nemo na Faransanci. Waɗannan duk ƙananan abubuwa ne. Babban aikin shi ne canza babban allo, wato farantin da sauran sassa duka ke haɗuwa a kansa. A Abijan allo yana saurin mutuwa: ga laima da iska mai gishiri da ke cin ƙananan wayoyi, ga tsawar daminar Mayu zuwa Yuli, ga caja mai araha da ba ta daidaita wuta. Mai gyara yakan ajiye matattun kwamfutoci uku iri ɗaya, wadda fuskarta ta fashe, da wadda ruwa ya shiga, da wadda kwankwasonta ya karye, ya haɗa biyu masu rai daga cikinsu. Wannan gwaninta ce ta gaske, kuma ita ce ta sa ɗalibi ko mai shagon buga takardu ke iya mallakar na'urar da sabuwarta ta fi ƙarfinsa nesa ba kusa ba.

Don a gane abin da ke faruwa da lasisi a cikin wannan haɗe-haɗen, sai an koma 2001. Kafin wannan shekara, lambar mabuɗi mai haruffa 25 kawai ake bugawa, kuma lamba ɗaya tana iya zagaye gari. Da Windows XP ta fito a watan Oktoba na 2001, sai ta zo da sharaɗin tabbatar da lasisi cikin kwana 30. Manhajar tana duba sassa goma na kwamfuta, daga cikinsu akwai katin hoto, da katin sadarwa, da yawan ram, da nau'in firosesa, da faifan ajiya, da na'urar karanta faifan CD, ta cuɗa bayanansu ta fitar da wata lamba da ke zama kamar hoton yatsan na'urar. Wani ƙaramin kamfani na Berlin mai suna Fully Licensed ya kwance tsarin ya wallafa yadda yake aiki a watan Yuli na wannan shekarar, tun kafin XP ta shiga kasuwa. Abin kamar ƙuri'a yake: duk lokacin da aka kunna kwamfuta, kowane sashe da bai canza ba yana da ƙuri'a ɗaya, katin sadarwa yana da uku, kuma in an samu bakwai, magana ta wuce. Wanda ba shi da intanet yana iya buga waya ya karanta lamba mai alƙaluma 50, a karanto masa ta amsa mai 42.

Akwai abin lura a wannan tsohon tsari. Duk da ƙorafin da aka yi ta yi a kansa, ya yarda cewa kwamfuta abu ne da ke canzawa sannu a hankali, ya kuma bar wa mai ita sarari. Bai daɗe yana cizo ba ma, domin mabuɗan da ake ba manyan ma'aikatu ba sa buƙatar tabbatarwa, ɗaya daga cikinsu kuma ya ɓulla ya bazu a duniya tun XP tana sabuwa, har sai da kamfanin ya toshe shi a sabuntawar 2002. Abin da ya biyo baya tsanantawa ne da sassautawa: shirin Windows Genuine Advantage a 2005, sai Vista da ke taƙaita aikin kwamfutar da ba a tabbatar ba, matakin da aka janye a 2008, sai Windows 7 da ke mayar da bangon fuska baƙi.

Sauyin da ya fi shafar Ajame ya zo a 2012. Har zamanin Windows 7, shaidar lasisi takarda ce mai ƙyalli da ake liƙawa a ƙasan kwamfuta ko cikin gurbin batir, mai saye yana iya juya na'urar ya gani da idonsa. Daga Windows 8, manyan masu ƙera kwamfuta suka fara dasa mabuɗin a cikin BIOS, wato ƙaramar manhajar da ke zaune a wata 'yar ƙwaya a jikin babban allo. Da Windows 10 ta fito ranar 29 ga Yuli 2015 sai aka ƙara wani mataki, lasisin dijital: hoton yatsan na'urar yana ajiye a sabobin Microsoft, duk ranar da aka sake ɗora manhajar aka shiga intanet, sabar ta gane na'urar ta kunna lasisin ba tare da an buga komai ba. Kamfanin bai bayyana lissafin da yake bi wajen haɗa hoton yatsan ba, amma takardunsa na taimako sun ambaci canza babban allo a matsayin irin canjin da ke sa lasisi ya ɓace. Ƙara ram ko sa SSD ba ya jawo komai a yawancin lokuta. Ma'ana, a wajen kamfanin allon nan shi ne kwamfutar. Kamar motar haya ta gbaka ce: canza mata inji da taya da kujeru da fenti, takardunta suna nan muddin lambar shasi ba ta canza ba, ɗauko wani shasi ka mayar masa da duk kayan tsohuwar, a wajen hukuma wata mota ce dabam.

Lasisi kuma ba iri ɗaya ba ne, kuma rashin rarrabe su ke haifar da rabin rikicin. Wanda ya zo tare da kwamfuta daga masana'anta, sharuɗɗansa sun ɗaure shi da wannan na'urar. Ana iya sayar da shi tare da ita, ba a iya cire shi a kai wata. Wanda mutum ya saya dabam da kuɗinsa yana iya ɗauke shi daga tsohuwa zuwa sabuwa, muddin ya cire shi daga ta farkon. Na uku shi ne na ma'aikatu, wanda ake saye da yawa a lokaci ɗaya, kuma mallakar ma'aikatar ne, ba ya bin na'ura idan an sayar da ita. A nan akwai wani batu da ban cika jin ana ambata a kasuwa ba. Lasisin ma'aikatu na Windows ɗori ne, ba ya tsayawa da ƙafarsa, dole na'urar ta riga ta mallaki lasisi na tushe. Shi ya sa kwamfutocin ofis irin su Latitude da EliteBook akasari suke fitowa daga masana'anta da lasisin Pro. Ke nan ainihin kwamfutocin da suka cika teburan Ajame, in dai na zamanin Windows 8 zuwa sama ne, da yawansu suna ɗauke da halastaccen mabuɗi a cikin allonsu, wanda wani banki a Liyon ko Hambug ya biya tuntuni.

Sai a zo kan teburin mai gyara a ga yadda wannan haƙƙi ke salwanta. An kawo kwamfuta ba ta kunnuwa, fitilar caji tana kamawa, fuska baƙa. Ƙwararre ba ya gaggawar canza allo. Yakan kwance ta, ya auna wuta a wurare da mita, in ya zargi BIOS sai ya ɗauko 'yar na'urar rubutu irin CH341A mai matsewa kamar ta shanya, ya kama ƙwayar mai ƙafa takwas, ya goge abin da ke ciki, ya rubuta wani kwafi da ya sauko da shi daga zaurukan masu gyara. Kwamfutar ta tashi, kowa ya yi murna. Amma kwafin nan daga wata na'ura aka ciro shi, a Indiya ko Biyetnam ko ko'ina, don haka ya zo da lambar siriyal ta waccan, da mabuɗinta in ba a share ba. Mabuɗin asali ya tafi. Wanda ya san aikinsa yakan fara adana tsohon abin da ke cikin ƙwayar kafin ya goge, ya buɗe shi ya nemo yankin da siriyal da mabuɗi suke, ya dasa su a cikin sabon. Aikin 'yan mintoci ne, amma babu mai biyan kuɗinsa domin mai kwamfutar bai san akwai shi ba, don haka yaron shago ba shi da dalilin koya.

In kuma allon ne aka canza ɗungurungum, abu biyu na iya faruwa. Allon da aka ciro daga wata matacciya yana zuwa da tarihinsa: in yana da mabuɗi a ciki, ko sabar ta san shi, to lasisi ya zo kyauta. Sai dai Windows ɗin da ke kan faifan mai kwamfuta ba lalle ta dace da shi ba. In Pro ce a faifai, allon kuma na Home ne, ba za su haɗu ba, kuma saƙon da zai fito lamba ce kawai irin 0xC004F211, mai nufin sassan na'ura sun canza, ko 0xC004F213, mai nufin ba a ga mabuɗi ba. Maganin a nan shi ne a gano wane bugu allon yake da haƙƙinsa a ɗora shi. Abin da aka fi yi shi ne a ɗauko filashin shago, wanda ke da kwafi ɗaya tilo da ake ɗora wa kowa, a yi fomatin, a bi da manhajar fasa lasisi. Da haka ake binne halastaccen lasisi a ƙarƙashin na bogi, ba da mugun nufi ba, don kawai ita ce hanyar da maigidan ya koya wa yaro.

Wasu lokuta ma babu ruwan lasisi. Tsohuwar kwamfutar tebur da ta daɗe a kwantena, 'yar batirinta mai kama da kwabo, CR2032, ta ƙare, agogonta ya koma shekarun baya. Saba ba ta amincewa da na'urar da kwanan watanta ya saɓa haka, sai a ga lambar 0x80072F8F. Batirin 'yan ɗaruruwan sefa zai warware matsalar da wani zai ce sai an sayi sabon mabuɗi. Dogaro da saba mai nisa yana da nasa rauni kuma. A watan Nuwamba na 2018 tangarɗa a sabobin kamfanin ta sa masu halastacciyar Windows 10 Pro a ƙasashe da dama suka wayi gari ana ce musu lasisinsu na Home ne. Ranar 14 ga Maris 2024 kuma manyan wayoyin intanet na ƙarƙashin teku guda huɗu, WACS da ACE da MainOne da SAT-3, suka katse a gaɓar Kodebuwa, ƙasar tana cikin waɗanda abin ya fi yi wa illa. A irin wannan rana, haƙƙin da shaidarsa ke wata nahiya ba shi da yadda za a nuna shi.

Ba za a ce kamfanin bai tanadi mafita ba. Tun sabuntawar Agusta 2016 ana iya ɗaure lasisin dijital da asusun Microsoft, in an canza allo a shiga wurin warware matsala a zaɓi cewa an canza sassan na'ura kwanan nan, a nuna tsohuwar a jerin, lasisin ya dawo. A takarda abin ya yi daidai. Amma a dubi sharuɗɗan. Dole a ce an ɗaure tun kafin allon ya mutu. Dole bugun ya zama iri ɗaya. Dole mutum ya tuna kalmar sirrinsa, kuma lambar waya ko imel ɗin da ya buɗe asusun da shi yana hannunsa har yanzu. Kwamfutar Ajame kuwa da asusun cikin gida take fitowa, mai suna User ko Admin, wanda yaron shago ya buɗe don aiki ya yi sauri. Mai sayenta ba a taɓa ce masa ya ɗaura komai ba, layin wayarsa kuma yana iya canzawa tsakanin Orange da MTN da Moov. Hanyar an yi ta ne don wanda ya saya sabuwa, ya buɗe kwalinta da hannunsa. In ta ƙi, abin da ya rage shi ne maɓallin da ke kai mutum kantin kamfanin. Farashin Windows 11 Home a Faransa yuro 145 ne, Pro kuma 259. Da yake an ɗaure sefa da yuro a kan 655.957, wannan ya kama sama da jaka 95, wato sefa dubu 95, da kuma kusan jaka 170. Mafi ƙarancin albashi a Kodebuwa tun Janairun 2023 jaka 75 ne a wata. Kuma da katin banki ake biya, a garin da yawancin ciniki ke tafiya da tsabar kuɗi ko Wave ko Orange Money.

Da wannan lissafi ba abin mamaki ba ne fasa lasisi ya zama ruwan dare. Hanyar da ta fi yaɗuwa kwaikwayo ce ta tsarin ma'aikatu da ake kira KMS, inda kwamfutocin ofis ke karɓar izini na kwana 180 daga sabar ma'aikatarsu, suna sabuntawa lokaci-lokaci. Manhajar fasawa tana yi wa Windows ƙaryar cewa ita ce sabar. Muddin tana nan tana sabuntawa a ɓoye, shiru kake ji. Ranar da manhajar kariya ta gano ta ta share, agogo ya fara tafiya, bayan wata shida saƙo ya fito cewa lasisi ya kusa ƙarewa. Zancen da ke biyo baya kusan iri ɗaya ne a kowane shago. "Maigida, na'urar nan da ka ce mini komai nata orijina ne, ga abin da take rubutowa." "Haba Alhaji, wannan ai ba ciwo ba ne. Bar ta yaro ya sake maka yanzu." Yaron ya sake, an sayi wata shida. Haɗarin da ba a faɗa wa Alhaji ba shi ne, sai an kashe kariyar kwamfuta kafin a sa irin wannan manhaja, kuma masu kutse sun san haka. A ƙarshen 2021 kamfanin tsaro na Red Canary ya ba da rahoton yadda ake cusa Cryptbot, mai satar kalmomin sirri da bayanan asusu, a cikin kwafin KMSPico na jabu. Ofishin fitar da kaya da ke ajiye takardun abokan hulɗa a irin wannan na'ura ya ɗauki kasadar da ta fi kuɗin lasisin. Mabuɗan 'yan jaka kaɗan da ake tallatawa ma ba su da tabbas, da yawansu na ma'aikatu ne ko na masu gwajin manhaja da aka sayar ba bisa ƙa'ida ba, kuma ana iya toshe su kowace rana.

Ga ɗan kasuwa Bahaushe, ina ganin tambayar da ta fi kusa da shi ba tsakaninsa da Microsoft take ba. Gaskiya ne Majalisar Fiƙihu ta Ƙasa da Ƙasa, a zamanta na Kuwait a watan Disamba 1988, ta tabbatar da cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira dukiya ce da shari'a ke karewa, kuma dokar Kodebuwa ta 26 ga Yuli 2016 kan haƙƙin mallakar fasaha ta haɗa da manhaja. Amma tun kafin a kai can, akwai abin da duk wanda ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid ya sani daga babin ciniki, wato haramcin algus da ɓoye aibi. Lasisin da zai mutu bayan wata shida aibi ne da mai saye ba ya gani, mai sayarwa kuma ya sani. Kasuwancin Hausawa na nesa, kamar yadda Abner Cohen ya nuna a bincikensa na Sabon Ibadan da aka buga a 1969, a kan maigida da dillali ya tsaya, mutanen da sunansu ke lamunce kaya. Dillalin shanu ya san abin da zai duba a bakin sa da kofatonsa. Dillalin kwamfuta yana duba batir da fuska da madanni, lasisi bai shiga jerinsa ba tukuna, alhali dubawar ba ta kai minti ɗaya ba: umarnin slmgr /dli yana nuna ko lasisin na masana'anta ne, ko na saye, ko na ma'aikata, slmgr /xpr kuma yana faɗin ko na dindindin ne ko yana da ranar ƙarewa. Lamunin baki ma ya yi rauni tun rusau ɗin da hukumomin Abijan suka yi a 2024, wanda ya tashi rumfuna da yawa a Ajame. Wanda ya sayar maka a bara ba lalle ka same shi a wurin ba.

Ta fuskar doka, mai saye a Turai ya fi na Abijan madafa. Kotun ƙolin Jamus ta yanke tun shekarar 2000 cewa ba a iya hana sayar da manhajar masana'anta dabam da na'ura ta hanyar haƙƙin mallaka, kotun Tarayyar Turai kuma, a shari'ar UsedSoft da Oracle ranar 3 ga Yuli 2012, ta ce lasisin dindindin da aka riga aka sayar ana iya sake sayar da shi. Daga nan aka samu halastacciyar kasuwar lasisin hannu a can. Wannan hukunci ba ya bin kwantena. Microsoft yana da shirin masu sabunta tsofaffin kwamfutoci tun 2007, inda ake ba su lasisi mai rahusa, amma kamfanoni masu rajista ke shiga, mai tebur a bakin titin Nangui Abrogoua na Ajame ba ya ciki. Binciken ƙungiyar BSA na 2018 ya ƙiyasta cewa kusan takwas cikin goma na manhajojin da ke kwamfutocin Kodebuwa da Najeriya ba su da lasisi, a lokacin da matsakaicin duniya yake kashi 37 cikin ɗari. Ƙungiyar ta masu sayar da manhaja ce, don haka a karanta alƙalumanta da wannan a zuciya, kuma irin wannan ƙiyasi ba shi da gurbin na'urar da aka biya wa lasisi aka kuma fasa mata. Shi kansa kamfanin bai taɓa matsawa har ƙarshe ba. Bill Gates ya faɗa a 1998, yana magana kan ƙasar Sin, cewa in dai sata za a yi gara a saci tasu, mutane su saba, a nemi hanyar karɓar kuɗi daga baya. Windows 10 da ba a tabbatar ba tana aiki, ta kuma yi ta karɓar sabuntawa har ranar da aka daina tallafa mata, abin da ta hana kawai shi ne canza ado, sai rubutun kusurwa.

A watan Satumba 2023 aka rufe wata ƙofa da ta daɗe a buɗe. Tayin hawa Windows 10 kyauta daga 7 da 8 ya ƙare a hukumance tun Yulin 2016, amma tsofaffin mabuɗan sun ci gaba da aiki shekara bakwai bayan haka, kuma takardar nan mai ƙyalli da ke ƙasan tsohuwar EliteBook ta kasance abin dogaro na ƙarshe ga mai gyara mai son yin abu bisa ƙa'ida: in allo ya canza, ya buga lambar jikin takarda. Yanzu ba ta kunna Windows 10. Na'urar da ta riga ta hau tana nan da lasisinta muddin allonta na nan, ranar da aka taɓa shi babu abin komawa. An samu ƙorafi a lokacin daga mutanen da sabunta BIOS kaɗai ya raba su da lasisin.

Akwai masu cewa a bar Windows ɗin mana. A Abijan ma an gwada: ƙungiyar JerryClan ta haɗa kwamfutoci daga tsofaffin sassa a cikin jarkar roba, tana ɗora musu Linux irin su Emmabuntüs, wadda ba ta tambayar wane allo ne a ciki. Ga makaranta ko ɗakin karatu wannan hanya ce mai kyau. Maɗaba'ar Tireshbil da aikinta ya dogara da CorelDRAW da Photoshop, ko akawun da ke aiki da Sage, ba za su saurara ba.

Ranar 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10. Windows 11 kuma tana neman ƙwayar tsaro ta TPM 2.0 da firosesa na Intel daga zubi na takwas, ko makamancinsa na AMD. Kamfanin nazari na Canalys ya ƙiyasta tun ƙarshen 2023 cewa kwamfutoci kimanin miliyan 240 za su rasa kasuwa saboda haka, kuma sanin kowa ne inda irin waɗannan kaya ke nufa. Na'urorin zubi na shida da na bakwai suna da ƙarfi, suna da halastaccen lasisin Pro a allonsu, amma ba sa cikin jerin da aka amince. Mai akwatin tebur da ke son hawa 11 bisa ƙa'ida sai ya canza firosesa, wannan kuma yana nufin canza allo, canza allo kuma yana kashe lasisin masana'anta. In faifan a kulle yake da BitLocker, sabon allon zai nemi lambar ceto mai alƙaluma 48 kafin ya buɗe ko takarda ɗaya. Wanda ya zaɓi ya tsaya a kan 10 an ba shi ƙarin shekara ɗaya na sabuntawar tsaro, zuwa 13 ga Oktoba 2026, da dala 30, ko kyauta in ya yarda ya ajiye saitunansa a sabar kamfanin. Mazauna Turai an ɗauke musu wannan sharaɗi na biyu bayan matsin ƙungiyoyin masu saye. Kowace hanya aka bi, rajistar tana neman abu biyu: asusun Microsoft, da Windows ɗin da lasisinta ke kunne.